Ƙaramin fanni da satifiket a jami'o'in Amurka: wanne ne ke kai ɗalibi ga aiki?

Wanda ya yi karatu a jami'ar Najeriya ko ta Nijar ya saba da tsarin da ake yanka wa ɗalibi hanya tun daga ranar shiga: an ba ka lissafin kuɗi, kai da lissafin kuɗi har ka fita. A Amurka ba haka abin yake ba. Digirin farko a can yana da babban fanni, wanda suke kira meja, kuma ɗalibi yana iya ɗora masa ƙaramin fanni, wato maino. Abin da ya fi kama da shi a gida shi ne haɗin darussa biyu na NCE, sai dai a NCE darussan kusan kai ɗaya suke, a nan kuwa ɗaya uwa ce, ɗayan ɗan goyo. Bayan waɗannan akwai satifiket iri-iri da ake tallata wa ɗalibi tun daga makon farko. Tambayar da ɗalibai da iyayensu suka fi yi ita ce wane ƙaramin fanni ne ya fi kawo aiki. Tambayar ta zo a karkace. Sunan ƙaramin fanni ba ya ɗaukar kowa aiki. Abin da ɗalibi yake riƙe da shi a zahiri kwasa-kwasai ne kamar guda shida da aka bar masa ya kashe yadda ya ga dama, kuma ribarsu tana ga abin da ya koya a cikinsu, da lokacin da ya koye shi.

A fara da lissafi, domin nan ne ake fara yin tuntuɓe. Digirin farko a mafi yawan jami'o'in Amurka kiredit 120 ne a zango takwas, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwas. Kwas ɗaya yawanci kiredit 3 ne, ke nan kwas 40 a shekara huɗu, biyar a kowane zango. Daga ciki, darussan gama-gari da aka wajabta wa kowa, irin su rubutu, lissafi, tarihi da kimiyya, suna cin kiredit 30 zuwa 45. Babban fanni yana cin 30 zuwa 60. Abin da ya rage shi ne na zaɓi. Ƙaramin fanni kuwa yawanci kiredit 15 zuwa 24 ne, an fi samun 18.

Ɗauki mai karanta tattalin arziki a jami'ar da darussan gama-gari suke 42, babban fanni 36. Saura 42 a hannunsa, kwas goma sha huɗu. Ƙaramin fanni zai shige ba tare da ya ƙara ko kwana ɗaya ba, har da sauran fili. Sai ka ɗauki mai karanta injiniyanci, wanda digirinsa kan kai kiredit 128 ko kusa da haka, kusan duk an riga an tsara su saboda sharuɗɗan hukumar ABET mai tantance kwasa-kwasan injiniya. Wannan in ya samu kwas biyu na zaɓi ya gode Allah. Idan ya ɗauko ƙaramin fanni mai kiredit 18 da ba ya haɗuwa da darussansa, ya ɗora wa kansa kwas huɗu na ƙari, kusan zango guda cur. Mai karanta aikin jinya shi ma haka, ga kuma zaman asibiti da ke cinye ranakunsa. Shawarar da ta yi wa na farko daidai tana iya kassara na biyu.

Kuɗin ma yana da nasa lissafin. Jami'o'i da yawa suna karɓar kuɗi ɗaya a zango ga wanda ya ɗauki kiredit 12 zuwa 18, saboda haka kwas na shida kyauta yake a aljihu, sai dai ba kyauta yake a jiki ba. Wanda ya haura 18 sai ya nemi izini kuma ya biya ƙari. Karatun bazara ana biyansa kiredit-kiredit, kuma tallafin karatu da yawa ba ya rufe shi. A jihohin Teksas da Fulorida akwai dokar da ta ba da damar ƙara wa ɗalibin jami'ar gwamnati kuɗi idan ya tara kiredit fiye da kima a kan abin da digirinsa yake bukata. 'Ya'yan Hausawa mazauna Amurka, irin na unguwar Bronx a birnin New York, waɗanda suke cin tallafin gwamnatin tarayya, su kuma su sani cewa tallafin Pell iyakarsa kwatankwacin zango 12 ne, kuma tallafin tarayya yana biyan kwasa-kwasan da ke cikin tsarin karatun da aka yi wa ɗalibi rajista ne kawai. Shi ya sa yin rajistar ƙaramin fanni a hukumance, kafin a fara ɗaukar kwasa-kwasansa, ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai tarkon da takardar talla ba ta nunawa, wato kwasa-kwasan share fage. Za ka ga an rubuta ƙaramin fannin kididdiga kiredit 18 ne, amma kwas na uku a jerin ba ya karɓar wanda bai ci kalkulas na ɗaya da na biyu ba, na biyar kuma yana neman aljabarar matiris. Waɗannan ba a lissafa su cikin 18 ɗin ba. Ga wanda bai taɓa su ba, 18 ta zama 27 ko 30. Kimiyyar kwamfuta ma sarƙa ce: gabatarwa ga rubuta manhaja, sannan tsarin ajiye bayanai, sannan dabarun warware matsala, kowanne sai an gama na bayansa, ga lissafin da ke rakiyarsu. Sarƙa mai zobe huɗu zango huɗu take ci, komai ƙwazon mutum. Wanda ya farga a farkon shekarar ƙarshe ya makara. Ƙari a kan haka, wasu kwasa-kwasan sau ɗaya ake koyar da su a shekara, kuma a sassan da ake rububi, musamman kwamfuta da kasuwanci, ana ware kujeru ga 'yan babban fanni tukuna, ɗan ƙaramin fanni ya jira abin da ya rage. Sai kuma ƙa'idar ƙirga kwas ɗaya a wuri biyu. Wata jami'ar tana yarda kwas ɗaya ko biyu su shiga lissafin babba da ƙarami a lokaci guda, wata ba ta yarda ko kaɗan. Yawanci ana sharɗanta maki C ko sama a kowane kwas, da kuma cewa wani kaso ya kasance na manyan azuzuwa, masu lamba 300 da 400. Duk waɗannan suna rubuce a kundin dokokin karatu na shekarar da ɗalibi ya shiga, kuma manhajar bin diddigin digiri da jami'o'i da yawa suke amfani da ita, irin su Degree Works, tana da wurin gwaji da zai nuna maka abin da zai rage maka in ka ƙara fanni kaza. Minti goma a wannan shafi ya fi hirar awa guda da abokai.

To, in an biya wannan farashi, me ake samu? A jami'o'i da yawa ƙaramin fanni ba ya fitowa a kan takardar shaidar digiri, sai a takardar sakamako, wadda masu ɗaukar aiki kaɗan ne suke karantawa layi-layi. A takardar neman aiki rabin layi yake ci. Tallan aiki yana cewa ana neman digiri a fanni kaza, sannan ya jero abin da ake so mutum ya iya. Da wuya ka ga an ce ana neman mai ƙaramin fanni kaza. Saboda haka hanyar zaɓe mafi inganci ita ce a faro daga ƙarshe. Tara tallan aiki 20 zuwa 30 na irin aikin da kake so, na matakin sabon shiga, daga shafin neman aiki na Handshake da jami'o'i ke amfani da shi, ko LinkedIn. Rubuta kowace ƙwarewa da aka nema, ka ƙirga sau nawa ta fito. Cire waɗanda babban fanninka zai ba ka. Abin da ya rage kuma yake ta maimaituwa shi ne giɓinka. Shafin O*NET na ma'aikatar ƙwadago ta Amurka da kundin sana'o'i na hukumar kididdigar ƙwadago suna taimakawa wurin sanin aikin yau da kullum na kowace sana'a da irin shaidar da ake shiga da ita. Sai bayan wannan ne ake buɗe jerin ƙananan fannoni a ga wanne ne ya fi toshe giɓin. Wani lokaci amsar ita ce babu: kwas uku daga sassa uku, ɗaya na ma'ajiyar bayanai da SQL, yaren da ake zaƙulo bayanai da shi, ɗaya na kididdiga, ɗaya na rubutun rahoto, sun fi kowane ƙaramin fanni da ke jerin amfani, ko da ba su da suna.

Haɗin da ya fi biya shi ne wanda ɗaya ya kawo sanin fage, ɗayan ya kawo kayan aiki. Mai karanta lafiyar al'umma ko ilimin halittu da ya ƙara kididdiga zai iya sarrafa bayanan bincike da yarukan kwamfuta irin su R ko Python, abin da ɗakunan bincike da hukumomin lafiya suke nema kullum. Mai kimiyyar siyasa ko zamantakewa da ya koyi nazarin bayanai ya fita daga sahun ɗaruruwan da takardunsu iri ɗaya ne. Mai kwamfuta, a ɗaya ɓangaren, ya riga ya riƙe kayan aiki, abin da ya rasa fage ne: harkar kuɗi, ilimin halittu, ko ilimin harshe. Haɗin da ba ya ƙara komai shi ne na 'yan gida ɗaya, kamar tallace-tallace da gudanarwa, domin rabin abin da za a koya maimaici ne. Injiniya da ya ɗauki ƙaramin fannin lissafi yakan samu da kwas ɗaya ko biyu kawai, tunda ya riga ya yi mafi yawansu. Yana da arha, babu laifi a karɓa, kuma yana taimakon mai niyyar digiri na gaba, amma ba ya gaya wa mai ɗaukar aiki wani abin da bai sani ba game da injiniya.

Batun lokaci shi ne abin da ɗalibai suka fi sakaci da shi, kuma a ganina ya fi zaɓin fannin kansa nauyi. Babbar ƙofar aiki a Amurka ita ce aikin sanin makama na hutun bazara bayan shekara ta uku, domin kamfanoni da yawa daga cikin waɗannan ɗaliban suke zaɓen ma'aikatan dindindin. Manyan kamfanonin fasaha da na akanta suna fara tantance masu neman wannan gurbi tun kakar shekara ta uku, manyan bankunan zuba jari ma tun a shekara ta biyu. Ma'ana, ranar da za a yi maka tambayoyi, abin da ka koya a zango huɗu na farko kaɗai ke hannunka. Ɗalibin da ya tara kwasa-kwasan ƙaramin fanninsa a shekarar ƙarshe zai fita da sunan a takarda, amma kasuwa ta riga ta watse. Abin da ya dace shi ne a ci kwas biyu ko uku mafi amfani kafin ƙarshen shekara ta biyu, ko da hakan na nufin tura wasu darussan gama-gari zuwa gaba, in dokar jami'a ta yarda. Kuma kowane kwas ya bar wani abu da za a iya nunawa: taswira, manhaja, rahoton nazari, lissafin kasafin wani kamfani. Gani ya kori ji.

Ga ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ta F-1 akwai wani al'amari da ya fi duk waɗannan girma. Izinin aiki na bayan kammalawa, OPT, wata 12 ne, kuma doka ta ce aikin ya kasance yana da alaƙa kai tsaye da babban fanni. Ƙaramin fanni ba ya shiga lissafi. Mai digirin tarihi da ƙaramin fannin kwamfuta, komai iyawarsa, zai sha wuyar kare aikin rubuta manhaja a matsayin aikin da ya dace da karatunsa. Ƙarin wata 24 da ake ba masu fannonin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi, wanda ya kai jimillar zuwa wata 36, shi ma yana bin lambar da aka yi wa babban fanni rajista da ita a jerin ma'aikatar tsaron cikin gida, kuma dole kamfanin ya kasance cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata. A nan ne babban fanni na biyu ya sha bamban da ƙarami: idan ɗaya daga cikin manyan fannoni biyun yana cikin jerin, ɗalibi zai iya neman ƙarin a kan aikin da ya shafi wannan fanni. Idan tazarar da ke tsakanin ƙarami da babba na biyu kwas huɗu ne ko biyar, to kwas huɗun nan suna iya zama shekara biyu na izinin aiki. Lambar ma abin dubawa ce. Tattalin arziki na gama-gari, mai lamba 45.0601, ba ya cikin jerin, amma tattalin arziki na lissafi, mai lamba 45.0603, yana ciki, kuma jami'o'i da dama sun sauya wa sashensu lamba saboda haka. Lambar tana rubuce a takardar I-20, wadda jami'a ke ba ɗalibin waje don bizarsa ta karatu. Kada kuma ɗalibi ya ɗauka za a tsawaita masa wa'adin wannan takarda don ya ƙarasa ƙaramin fanni. Ana tsawaitawa ne bisa dalili mai ƙarfi na karatu ko rashin lafiya, kuma ofisoshin ɗaliban ƙasashen waje da yawa ba sa ɗaukar ƙaramin fanni a matsayin irin wannan dalili. Dokokin shige da fice na Amurka suna yawan sauyawa, don haka jami'in wannan ofis ne za a tambaya kafin a sa hannu a kowane canji.

Satifiket kuma kalma ɗaya ce da ta rufe abubuwa uku mabambanta, kuma masu talla suna amfana da wannan ruɗani. Akwai na jami'a, kiredit 12 zuwa 18, wanda ke shiga takardar sakamako. Ya fi ƙaramin fanni ƙunci da karkata ga aiki. Misali mai kyau shi ne na taswirar kwamfuta, GIS, inda ake koyon ArcGIS ko QGIS. Yana zama daram a kan ilimin ƙasa, noma, tsara birane ko lafiyar al'umma, kuma yana da kasuwa a gida: hukumomin filaye irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna a kansa suke aiki, kuma an yi amfani da taswirorin GIS wurin tsara zagayen rigakafin shan inna a Arewa.

Na biyu shi ne shaidar ƙwarewa ta masana'anta, wadda ake samu ta hanyar cin jarrabawa ƙarƙashin sa ido, ana iya faɗuwa. Wannan yiwuwar faɗuwar ita ce ke ba ta daraja. CCNA ta kamfanin Cisco ga mai son aikin haɗa na'urori, kuɗin jarrabawarta dala 300. Ta AWS, sashen kamfanin Amazon mai ba da hayar ma'ajiya da ƙarfin kwamfuta ta intanet, matakin farko dala 100, ta mai tsara irin waɗannan ayyuka dala 150. Security+ ta CompTIA, ta tsaron kwamfuta, ta haura dala 400. Dukansu shekara uku suke yi kafin a sabunta, saboda haka wanda ya ci a shekarar farko ta jami'a zai fita da takardar da ta mutu ko take dab da mutuwa. Lokacin da ya dace shi ne 'yan watanni kafin neman aikin sanin makama. A kula kuma, yawancin tallan da ke wajabta Security+ na ayyukan tsaro ne na gwamnatin Amurka da 'yan kwangilarta, waɗanda ke bukatar izinin ganin bayanan sirri, kuma ɗan ƙasa kaɗai ake ba wa. Ɗalibin waje ya duba wannan kafin ya zuba kuɗinsa. Wasu shaidun ba na ɗalibai ba ne sam: PMP ta gudanar da ayyuka tana neman gogewar shekaru bayan digiri, ƙanwarta CAPM ce ake iya shiga da awa 23 na horo. Matakin farko na CFA, shaidar masu nazarin zuba jari, ana iya zama masa idan saura wata 23 ko ƙasa da haka a kammala digiri. Mai lissafi da ke son aikin ƙididdigar inshora, jarrabawar P da FM sun fi masa kowane ƙaramin fanni, domin su kamfanonin ke tambaya. Injiniya kuma jarrabawar FE ce matakinsa na farko zuwa lasisi, kuma an fi cinta a shekarar ƙarshe, karatu yana da ɗumi.

Na uku shi ne satifiket na kammala kwas a intanet, irin na Google a Coursera, wanda aka fara a 2018 da na gyara da kula da kwamfuta. Yana da arha, kuma hanya ce mai kyau ta ɗanɗana fanni a hutu kafin a sadaukar masa da kwas shida. Amma shaida ce ta cewa mutum ya bi darasi har ƙarshe, kuma masu riƙe da ita suna da yawan gaske. Guda ɗaya tare da aikin da aka yi da shi yana da amfani. Guda goma a jere, ba aiki ko ɗaya, ba sa burge kowa.

Sana'o'in da ke da lasisi ba a shigarsu ta taga. Ƙaramin fannin ilimi ba ya ba da lasisin koyarwa, sai an bi shirin horar da malamai da jiha ta amince da shi, har da koyarwar gwaji. Ƙaramin fannin akanta mai kiredit 18 yawanci bai kai adadin darussan akanta da jihohi ke nema kafin lasisin CPA na ƙwararrun akantoci ba. Shi mai babban fannin akanta, shekaru da yawa ana neman ya tara kiredit 150, talatin a kan digiri, kuma ƙaramin fannin tsarin bayanan kwamfuta hanya ce mai ma'ana ta cike su. A 2025 jihohi irin su Ohayo da Bajiniya sun yi dokar buɗe wata hanyar ta digiri da gogewar shekara biyu, wadda ta fara aiki a 2026, don haka a duba dokar jihar da ake son yin aiki. Makarantun likitanci kuwa ba ruwansu da ƙaramin fanni: darussan share fage na halittu, sinadarai da fiziks, makinsu, da jarrabawar MCAT suke kallo.

Harshe yana da hukunci na daban. Kwas shida na Faransanci ba lallai su sa mutum ya iya gudanar da taro da shi ba, kuma mai ɗaukar aiki a ECOWAS ko wata ƙungiyar agaji da ke aiki a Sahel iya magana yake so. Shaidar DELF a matakin B2, wadda ma'aikatar ilimi ta Faransa ke bayarwa kuma ba ta ƙarewa, ta fi sunan ƙaramin fanni faɗa a ji. Ɗalibin Nijar, Kamaru ko Chadi da ya taso da Faransanci bai kamata ya kashe kwas shida a kan abin da yake da shi ba.

Mai niyyar komawa gida ya riƙe cewa ma'aikatar ilimi ta tarayya, wurin tantance takardun waje kafin bautar ƙasa, da hukumomin sana'a irin su COREN ta injiniyoyi, sunan digirin da babban fanni suke kallo. Ƙaramin fanni ba zai mayar da mai digirin tattalin arziki injiniya ba, ba zai sauya masa layin da zai shiga a aikin gwamnati ba. Inda yake aiki shi ne a kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyi, a ranar da aka ajiye wa mutum kwamfuta aka ce ya nuna.

Abu na ƙarshe da ake yawan tsoro shi ne ajiye ƙaramin fanni a tsakiya. Idan ya fara jan GPA ƙasa, ko ya hana karɓar aikin sanin makama, ko zai ƙara zango, a cike fom a cire shi. Kwasa-kwasan da aka ci suna nan a takardar sakamako, suna shiga lissafin na zaɓi, kuma ana iya jero su a takardar neman aiki ƙarƙashin darussan da suka shafi aikin. Sai dai a tabbata an cire shi a hukumance kafin neman kammalawa, domin ƙaramin fannin da aka yi wa rajista ba a ƙarasa ba yana iya riƙe takardar digiri a ofishin magatakarda har sai an warware.